Tambayoyinku kan Mota: Birkin Tsohuwar Ƙaramar Mota

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kan birki ne, kuma kusan duka daga masu ƙananan motocin da suka kwana biyu, irin masu faifai a tayoyin gaba da ganga a na baya. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su samu wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata ta haura shekara 20. Idan na tsaya na ɗora ƙafa a kan birki, sai in ji fedar tana nutsewa a hankali har ta kusa taɓa ƙasa. In na saki na sake takawa sai ta kama. Na duba ƙarƙashin mota ban ga ɗigon mai ba. Zan iya ci gaba da hawa kafin in samu halin gyara? (Wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye motar nan har a gyara ta. Abin da ka kwatanta alama ce ta masta ta gaji, wato tukunyar da ke tura man birki zuwa tayoyi idan ka taka feda. A cikinta akwai fistin biyu, kowanne da robobinsa. Idan robobin suka cinye, ko cikin tukunyar ya yi zane da tsatsa, man yana zillewa ta gefen roba ya koma baya. Bai fita waje ba, shi ya sa ba ka ga ɗigo ba, amma matsin da ya kamata ya riƙe tayoyi ya tafi.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka kunna injin, mota tana tsaye, ka ɗora ƙafa da matsakaicin ƙarfi ka riƙe na tsawon daƙiƙa 30. Feda mai lafiya tana sauka kaɗan ta tsaya cak. Idan ta ci gaba da nutsewa, ka buɗe bonet ka dubi kofin man birki. In man yana tsakanin layin sama da na ƙasa kuma ba ya raguwa, masta ce. In yana raguwa, akwai yoyo a wani wuri, kuma wurare huɗu ake dubawa: tiyon roba da ke bayan kowace taya, bututun ƙarfe da ya bi ƙarƙashin mota, kalifa a gaba (ƙarfen da ke matse faifai idan an taka birki), da ƙananan silinda da ke cikin gangar baya. Yoyon silindar baya yana da ɓoyo, domin man yakan tsaya cikin ganga ya jiƙa layinin da ke gogar gangar, sai an cire ganga an ɗaga robar gefe ake ganinsa. Akwai kuma wuri na biyar da ake yawan mantawa: masta tana iya zubar da mai ta bayanta zuwa cikin busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi idan an taka birki. Idan ka ga fentin busta ya kumbura ko ya ɓare daidai inda masta ta zauna, nan ne.

A irin wannan shekarun mota, shawararmu a sa sabuwar masta gaba ɗaya. Sauya robobi kaɗai yana aiki ne idan cikin tukunyar sumul yake, kuma da wuya a same shi haka bayan shekara 20. Kafin a ɗaura sabuwar, a cika ta da mai a fitar mata da iska a kan teburi, sannan a fitar da iskar tayoyi huɗu bayan an ɗaura.

Tambaya: Ina saukowa daga wani dogon gangare da kaya a mota, ƙafata a kan birki, sai na ji feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. Allah Ya kiyaye na samu na tsaya. Bayan motar ta huce birki ya dawo daidai, makaniki ma ya ce bai ga komai ba. Mene ne wannan? (Wani direba)

Amsa: Allah Ya ƙara kiyayewa. Man birkinka ne ya tafasa, kuma zai sake yi idan ba a sauya shi ba. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mai da gudu zafi. A dogon gangare zafin yana taruwa a faifai da fad (abin da ke gogar faifan), ya ratsa fistin ɗin kalifa ya kai ga mai. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke isa taya. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar man ya tafasa ya yi kumfa, ƙafarka tana matse kumfa ne kawai, sai feda ta zama kamar soso. Idan ya huce tururin ya koma ruwa, komai ya dawo, makaniki ya duba bai ga komai ba.

Dalilin tafasar shi ne ruwa. Man birki na yau da kullum yana shan danshin iska a hankali, ta murfin kofi da jikin tiyon roba. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, sabon DOT 4 kuma 230. Idan suka sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, sai iyakar ta faɗo zuwa 140 da 155. Wannan ruwan ne kuma ke cin masta da fistin da tsatsa ta ciki. Don haka ake sauya man duk shekara 2, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Mun san masu mota da yawa suna kula da baƙin mai sosai amma ba su taɓa sauya man birki ba tun da suka sayi motar, kuma wannan yana damunmu.

Lita 1 takan isa wanke ƙaramar mota. A zuƙe tsohon man kofi, a cika da sabo daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, sannan a bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya ana buɗe notin fitar da iska har sai mai mai haske ya fito babu kumfa. Yawanci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, amma wasu motocin suna da nasu jeri, a bi littafin mota. Kada a bari kofi ya ƙafe ana cikin aiki, in ba haka ba iska ta shiga an koma farko. Idan masta tsohuwa ce, a sa ɗan katako ƙarƙashin feda don kada a taka ta har ƙasa, in ba haka ba robobin masta za su shiga sashen tukunyar da ba su saba zuwa ba, inda tsatsa ta taru, su yage.

Ka yi amfani da irin da aka rubuta a murfin kofi. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Baƙin mai, man giya ko man sitiyari kuwa, ko kaɗan ne ya shiga, zai kumbura duk robobin birki, sai an sauya su duka.

A gangare kuma, ka sa giya ta 2 ko ta 3 tun daga sama injin ya riƙe motar, ka riƙa taka birki da ɗan ƙarfi kana saki don faifai ya sha iska. Kada ka sauko a firi.

Tambaya: Idan na taka birki motar tana ja zuwa dama, kuma in na tsaya tayar hagu ta gaba tana wari da zafi. An yi mini alaimen bai daina ba. (Wata mai karatu)

Amsa: Hajiya, alaimen ba zai magance wannan ba. Kalifar hagu ce ta maƙale. Tana riƙe da faifai kullum, shi ne zafin da warin. Fad ɗin da ya ƙone ba ya kamawa sosai, saboda haka idan kin taka, dama ta fi hagu kamawa sai motar ta karkata can.

Abu uku ke jawo shi. Na farko, fil biyun da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe ko sun yi tsatsa. A zare su, a goge, a shafa giris na silikon wanda aka yi don birki, a sauya robobinsu in sun yage. Giris na gama-gari yana kumbura roba, sai fil ya ƙara maƙalewa. Na biyu, fistin ya yi tsatsa saboda robar ƙura ta tsage. Na uku, tiyon roba ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga amma ba ya barinsa ya koma, alhali daga waje lafiya lau yake. Ana bambance su cikin sauƙi: a ɗaga motar, a taka birki a saki, a juya taya. In ta ƙi juyawa, a ɗan buɗe notin fitar da iska. Idan mai ya fito da ƙarfi taya ta saki, matsi ne ya maƙale a layin, kuma tunda taya ɗaya ce abin ya shafa, tiyo ne. Idan ba ta saki ba, kalifa ce.

Fad ɗin da ya sha irin wannan zafi a zubar da shi, kuma ana sauya na hagu da dama tare. Sabon fad yana zuwa da kauri kimanin milimita 10 zuwa 12, ana sauya shi idan ya kai 3. A jikin faifai an buga mafi ƙarancin kaurinsa, a auna a gani. Bayan an gama, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin a motsa motar, domin takawar farko ba ta kama komai.

Tambaya: Nawa birkin ya yi tauri, sai na danna da dukkan ƙarfina yake tsayawa, kuma ina jin ƙarar iska idan na taka. (Wani mai karatu)

Amsa: Busta ce ko tiyonta. Busta tana amfani da zuƙar injin wajen ƙara wa ƙafarka ƙarfi. Ka kashe injin, ka taka feda sau 5 har ta yi tauri, ka riƙe, ka tayar da injin. Idan feda ta ɗan sauka, busta tana aiki. Idan ba ta motsa ba, a fara duba tiyon da ya taso daga injin da ɗan bawul ɗin da ke bakinsa, su suka fi lalacewa. Ƙarar iska daga wajen feda tana nuna fatar cikin busta ta huje, sai sauyi.

Tambaya: Bututun birkin tayata ta baya ya huje, sai wani makaniki ya danƙare shi ya toshe, ya ce birkin gaba ya isa. Gaskiya ne? (Wani matashi)

Amsa: Ɗan'uwa, ba gaskiya ba ne, kuma muna roƙonka kada ka ɗauki kowa a motar nan har a sa bututu. Gaskiya ne tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, amma na baya su ke riƙe motar a miƙe. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ƙera motoci da layin birki biyu, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. A yawancin ƙananan motoci masu jan gaba, layukan a giciye suke: gaban hagu da bayan dama layi ɗaya, gaban dama da bayan hagu ɗayan. Da taya uku kake birki yanzu, kuma a taka mai ƙarfi, musamman a jiƙaƙƙen titi, motar za ta nemi juyawa. Sannan ƙarfen da aka danƙare yana iya buɗewa daidai lokacin da matsi ya fi yawa, wato lokacin da kake neman tsira.

Idan tsatsa ta huda bututu ɗaya, sauran ma sa'anninsa ne. A bi su duka, musamman inda suka ratsa saman tankin mai da ƙarƙashin maƙalai, inda laka ke kwana. A sa bututun birki na ainihi, na ƙarfe ko na gaurayen tagulla da nikel, a yi masa baki mai ninki irin wanda motar ta zo da shi. Ba a yi wa bututun birki walda, ba a haɗa shi da tiyon fetur da kilif.

Tambaya: Idan birki ya tsinke ana cikin gudu, me ya kamata mutum ya yi? (Wata mai koyon tuƙi)

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara sanin cewa motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, saboda haka matakan nan sai an haddace su tun kafin ranar. Ki ɗage ƙafa daga totur, ki taka birki da sauri sau da yawa, sannan ki danna har ƙasa ki riƙe. Sau da yawa layi ɗaya yana nan da rai, can ƙasan feda yake kamawa. Ki kunna fitilun danja, ki danna hon. Ki sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, daga 4 zuwa 3 zuwa 2, kada ki tsallaka zuwa ta 1 da gudu don tayoyi za su iya zamewa. A mota mai sauya giya da kanta, ki ja sandar zuwa 2, sannan L. Idan gudu ya ragu, ki ja birkin hannu a hankali, babban yatsa yana danne da maɓallinsa, don ki iya sassautawa nan take in tayoyin baya suka kulle. Kada ki kashe injin ana tafiya: busta za ta daina taimako, sitiyari ya yi nauyi, kuma in makulli ya koma baya sosai sitiyarin yana iya kullewa. Ki nemi hawa, yashi ko ciyawa a gefen hanya.

Idan motarki tana da ABS, jin feda tana bugun ƙafa a taka mai ƙarfi ba lalacewa ba ne, na'urar ce ke hana tayoyi kullewa, ki ci gaba da dannawa kina juya sitiyari. Fitilar ABS mai ruwan ɗorawa in ta zauna a kunne, na'urar ta daina aiki amma birkin yau da kullum yana nan, kuma yawanci sensar gudun taya ce ko wayarta. Jar fitilar birki kuwa, in ta kunnu alhali birkin hannu a sauke yake, ki tsaya a wuri mai aminci ki dubi kofin mai. In ya sauka ƙasa da layi, a janyo motar zuwa gareji.