Tambaya da Amsa: Me ya sa ake sallamar wanda ya fi kowa gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina bibiyar ƙwallon Amurka ta waya, kuma na ga mai gudu da ƙwallo ya fi kowa cin yadi (wato nisan da ya ci gaba da ƙwallo a fili) a wasannin share fage na watan Agusta, amma ƙungiyarsa ta sallame shi. Ina adalci a nan? Daga mai karatu a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 32 na gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, tana shiga sansanin horo a ƙarshen Yuli da ƴan wasa har 90, sannan doka ta tilasta mata rage su zuwa 53 kafin a buɗe kaka a Satumba. Gurbin masu gudu da ƙwallo a cikin wannan adadi bai cika wuce uku ko huɗu ba. Kamar dai yadda jihar Maraɗi take tace ƴan kokowa kafin gasar takobi ne, gwanaye da yawa suna komawa gida.

Yadin da ka ƙirga ba shi ne babban ma'auni ba, domin manyan ƴan wasa galibi ana hutar da su a waɗannan wasanni, wanda ka gani kuwa da ƴan baya ya kara. Abin da masu horarwa suke dubawa shi ne ko zai iya tare ƙaton da ya taso wa mai jefa ƙwallo, ko hannunsa yana cafe jifa, da kuma ko ƙwallo tana kuɓuce masa idan an buge shi. Mai gudu na uku da na huɗu a jerin ƙungiya kuma sai sun yi aiki a rukunin bugun ƙwallo, wato su bi ta da gudu su kayar da wanda ya cafe. Wanda ba ya iya wannan, a ganina, ba a zalunce shi ba, ko da yake abin yana da ciwo. Wata ƙungiya tana iya ɗaukarsa, ko ya samu gurbi cikin ƴan atisaye.

Terrell Davis, wani mai gudu da ƙwallo, misali ne. Ƙungiyar Denver Broncos ta zaɓe shi a zagaye na shida na zaɓen sababbin ƴan wasa a 1995, kuma abin da ya fito da shi kayar da abokin hamayya ne lokacin bugun ƙwallo, a wasan share fage da aka yi a Tokyo. A shekarar ya zama mai gudu na farko a ƙungiyarsa, a 1998 kuma ya ci yadi 2,008.