Tari da majina a garke: yadda bairos ke shiga huhun shanu

Tambaya: Maruƙana sun kama tari da majina. Na yi musu allurar oksitetirasaikilin, amma ciwon sai yaɗuwa yake yi. Ko maganin jabu ne?

Amsa: Ba lallai ba ne. Idan bairos ne ya shiga garken, wannan allura ba ta taɓa shi. Bairos ba ya hayayyafa da kansa, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar hanci ko maƙogwaron dabba, ya karɓe kayan aikinta, ta koma ƙera masa 'ya'ya har ta lalace. Kafin ya shiga kuwa sai ya sami ƙofar da makullinsa zai buɗe, wato wani furotin da ke jikin ƙwayar, wanda ƙwayoyin gadon saniyar ne da kansu ke ba da umarnin ƙera shi. Bairos ɗin BVD (cutar zawon shanu) yana bi ta furotin CD46, na IBR (cutar kumburin hanci da maƙogwaron shanu) kuma ta nectin-1. Korona ta shanu tana liƙewa ne a wani nau'in sukari da ke saman ƙwayar.

Amfanin allurar yana zuwa ne daga baya. Bairos yana kakkaɓe ƙananan gashin maƙogwaro masu share datti, sai bakteriya irin su Mannheimia da Pasteurella, waɗanda dama suna zaune a hanci, su gangara huhu. Su ne galibi ke kisa, kuma su ne allurar ke yaƙa. Ka riƙa auna zafin jiki ta dubura da safe. Maraƙin da ya kai digiri 40, ya daina cin abinci, yana haki, a ware shi a kira likitan dabbobi.

Tambaya: Shin ana iya toshe wannan ƙofa?

Amsa: An gwada. A 2023 masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka a jihar Nebraska suka ba da rahoton wata maraƙa da aka sauya wa amino asid (tubalan ginin furotin) 6 a furotin CD46. An haɗa ta da maraƙi mai yaɗa BVD, alamun ciwon da ta nuna kaɗan ne. Sai dai dabba ɗaya ce, kuma bairos ɗaya aka toshe wa hanya. Kada makiyayi ya zauna jiran wannan.

Tambaya: Ban sayi sabuwar dabba ba, to daga ina ciwon ya fito?

Amsa: Sau da yawa daga cikin garken. IBR ba ya barin jikin dabbar da ta warke, yakan laɓe a jijiyar fuska. Da an wahalar da ita da doguwar tafiya a mota, yaye, cunkoso ko allurar dezametason (maganin kumburi), sai ya farka ta shiga yaɗa shi. BVD ya fi wannan sharri: idan ya kama saniya mai ciki tsakanin kwana 40 zuwa 120, ɗan tayin yakan ɗauke shi a matsayin ɓangaren jikinsa, ya fito yana zubar da shi muddin ransa. Ana gano irin wannan maraƙi da ɗan yankin fatar kunne, kuma fitar da shi daga garke ne kaɗai mafita.

Sabon haihuwa ya sha dakashi kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a sa'o'in farko. Riga-kafi a yi shi mako 2 zuwa 3 kafin yaye ko tafiya, ba ranar lodi ba. Riga-kafin da ke da bairos mai rai a cikinsa yana iya sa saniya mai ciki ɓari, don haka a duba takardarsa. Sabuwar dabba ta yi mako 3 zuwa 4 a keɓe, da kwanon ruwanta daban.