Manhajata tana wahalar da 'yan kasuwa wajen shiga, mene ne mafita?

Tambaya: Malam, na rubuta manhajar lissafin kaya ta kwamfuta, wasu 'yan Kantin Kwari suna amfani da ita. Kullum da safe sai yaron shago ya sake buga kalmar sirri, wani lokacin ma ta ƙi karɓa. Yaya zan sauƙaƙa musu ba tare da na raunana tsaro ba? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, da farko ka daina karɓar kalmar sirri a cikin manhajar. Tsarin OAuth 2.0, wato tsarin bai wa manhaja izini ba tare da ta ga kalmar sirri ba, ya tanadi hanya, kuma ƙa'idar RFC 8252 ta 2017 ta fayyace ta ga manhajojin kwamfuta. Manhajarka ta buɗe burauzar da mutum ya saba da ita, ya shiga a can, sannan burauza ta dawo da lambar izini zuwa adireshin 127.0.0.1, wato adireshin kwamfutar ita kanta, a kan wata ƙofa da manhajar ta buɗe na ɗan lokaci. Rubuta lambobin nan ya fi rubuta localhost, don wasu kwamfutocin kan karkatar da sunan. Kada ka cusa burauza cikin manhajar, Google ma ba ya yarda da hakan.

Ka haɗa da PKCE, wato ƙarin kariya ga lambar izinin: baƙaƙe 43 zuwa 128 da ake ƙirƙira sabo a kowace shiga, a tura sawunsu na SHA-256 tukuna, wato lambar da ake lissafowa daga baƙaƙen, sai a nuna ainihin baƙaƙen lokacin musanya lambar izinin da tikitin shiga. Ko wata manhajar ta sace lambar izinin, ba za ta amfane ta ba.

Maganin buga kalmar sirri kullum kuwa shi ne tikitin sabuntawa, wato tikitin da manhajar ke amfani da shi ta karɓo sabon tikitin shiga. Tikitin shiga ya zama mai gajeren wa'adi, kamar awa ɗaya, manhajar ta riƙa sabunta shi a ɓoye kafin ya ƙare. Ka adana na sabuntawar a Credential Manager na Windows ko Keychain na Mac. Ajiye shi a fayil ɗin rubutu kasada ce babba, musamman a shagon da hannaye da yawa ke taɓa kwamfuta ɗaya.

Batun ƙin karɓa, duba agogo. Idan ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, da an ɗauke wuta kwanan wata ya rikice, sai manhajar ta ga tikitin kamar ya ƙare ko lokacinsa bai yi ba. Sa ta kwatanta agogonta da na saba (server), wato kwamfutar da ke bayar da tikitin, ta faɗa wa mutum da Hausa cewa agogonsa ne ba daidai ba. Haka in intanet ce ta yanke, kada ta fitar da shi, ta bar shi ya ci gaba da shigar da ciniki har layi ya dawo.