Ga mai neman karatun otal a Faransa: tambayar ɗanɗanon giya

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama ABU, kana neman makarantar koyon aikin otal a nan Faransa, sai fom ya ce ka faɗi iya ƙwarewarka wajen ɗanɗana giyar inabi da gane irinta. Kai kuwa ko kusa da bakinka ba ta taɓa zuwa ba, shi ne kake shawarar rubuta "daidai gwargwado" don kada a raina ka.

Kada ka soma. Rubuta cewa ba ka sha, shi ke nan. Mutanen nan ba sa gaskata abin da mutum ya faɗa game da harshensa, don sun san halinsa. A 2001, a Jami'ar Bordeaux, an ba ɗalibai 54 masu karatun giya farar giya da aka rina ta ja da launi marar ƙamshi. Suka shinshina, suka shiga siffanta ta da kalmomin jar giya. Ido ne ya riga hanci yanke hukunci. Shi ya sa a jarrabawar Master Sommelier, ta manyan ƙwararrun masu hidimar giya, ake jera maka kofi 6 ba tare da ka ga kwalba ba, a ba ka minti 25 ka faɗi irin inabin, da ƙasar, da shekarar. Da me "daidai gwargwado" ɗinka zai tsaya a nan?

Za a ce maka ai ba haɗiyewa ake ba, kurɓa ake a tofar. Haka ne, ga bokitin tofarwa nan a gefe. Amma wannan hukunci na malamanka ne na Zariya, har da batun ɗaukar kwalba a kai wa baƙo, wanda shi ya fi yawa a aikin. Tambaye su tun kana gida.

In harshenka kake son aunawa, ba sai da giya ba. Je wurin mai shayi a Samaru da abokinka. A haɗa kofi uku ruwan bunu, biyu ganye ɗaya, na ukun wani ganyen daban, a juya su ba ka gani. Nuna baren. Mai canke ma yana dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka sai ka maimaita da yawa, abokin yana rubutawa. Lura da baurin da ke kama dasashi kamar na goro, ka raba shi da ɗaci. Da yawa a nan suke rikicewa. Irin wannan gwajin yana cikin jarrabawar Q Grader ta masu tantance gahawa, kuma sana'a ce mai zaman kanta.

Kafin ka biya ko sisi, tura wa makarantar imel: darasin giya dole ne ko na zaɓi? Ana iya cin sa da shinshina da karatu kawai? Su amsa a rubuce, ka adana.