An Ce In Kawo Jinsiyyar Kakana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Shekarata 24, noman riɗi nake yi a gabashin Sudan. Na je neman rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, ma'aikacin ya karɓi takarduna ya tambayi ƙabilata, na ce Bahaushe ne. Sai ya ture fayil ɗin gefe, ya ce in je in kawo jinsiyyar kakana, wato takardar shaidar zamansa ɗan ƙasa. Maƙwabcina da muka shiga tare ba a nemi haka wurinsa ba. Sau uku ina komawa. Kakan nan a nan aka haife shi, kabarinsa na bayan unguwarmu. In na kai kuka mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, akwai abin da za su yi, ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka haƙura, doka tana tare da kai.

Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi a ce kakannin mutum na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 1897. Wannan sharaɗi ya bar da yawa cikin iyayenmu a waje, domin jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sai bayan yaƙin Burmi na 1903 suka iso gaɓar Nilu. Amma dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, ta kuma ce wanda aka haifa bayan kafa dokar ɗan ƙasa ne muddin mahaifinsa ɗan ƙasa ne. Saboda haka in mahaifinka na da jinsiyya, ita ce hujjarka.

Mahaliyya ba ita ke ba da lambar ba, aikin Ma'aikatar Cikin Gida ne. Duk da haka ka je. Takardar shaidar zama daga lajna, wato kwamitin unguwa, take fitowa, shehi ko umda (mai unguwa ko dagaci) shi ke tabbatar da cewa gidanku sananne ne, mudiri, wato shugaban mahaliyya, kuma yana iya rubuta wa masu rajistar ya nemi dalili.

Sai dai kada ka je da baki kawai. Ni na yi wannan kuskuren a kan fayil ɗin ƙanwata: wata biyu ina kai kuka, ana ba ni shayi ana cewa insha Allah. Ranar da na zauna gaban mai rubuta ardahali (takardar koke) a gindin dalbejiya, ya rubuta kwanan wata da abin da aka ce mana kalma da kalma, na haɗa da rasit ɗin harajin gona na mahaifinmu, wanda innarmu ta adana cikin gwangwanin shayi har takardar ta yi ja, a ranar aka fara duba mu. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimi ka tafi da shi gida. Ka roƙi maƙwabcin nan ya sa hannu, don shi ne shaidar cewa an bambanta ku. In akwai wasu samari da abin ya shafa, ku shigar tare.

Na san me ke sa mutanenmu ja da baya. A Yulin 2022 neman sarautar gargajiya ga Hausawa a jihar Nilu Shuɗi ya jawo rikicin da ya ci rayuka fiye da 100, aka sa dokar hana fita da dare a Damazin da Rusairis, a Oktoba kuma jini ya sake zuba a Wad al-Mahi. Har yau raina na ɓaci in na tuna. Amma ka lura da tushen maganar: wa zai tsaya gaban hukuma ya ce wannan namu ne? Inda ba mu da mai tsayawa, takarda mai hatimi ce ke tsaya mana.

Ka fara da shehin unguwarku makon nan, ka tafi da babban yayanka ko baffanka. Duk abin da suka amsa, ka rubuto mini.