Amsar Baffanka na Kumasi a kan riƙon aska

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi da aka sami ɗaya a cikin jikokin gidanmu da ya ce zai riƙe aska. Sai dai ka haɗa tambayarka da wata magana da na san ba a bakinka ta faro ba, ta 'yan majalisarku ce ta Tudun Wadan Kaduna: wai mu da muka daɗe a Kumasi har muna auren 'yan Asante, anya akwai sauran wanzanci a hannunmu, ko sai kilifa? Zan ba ka amsar duka biyun, in sun cakuɗe sai ka tsince.

Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina ya nufi Gwanja, kasuwar Salaga, kuma duk inda aka yi zango sai ka tarar da malami da mahauci da wanzami. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenmu suka bazu, daga baya wasu suka gangaro Kumasi. Kaduna kuwa sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatarsu can daga Zungeru. Ka faɗa wa abokanka, cikin ladabi, cewa ana askin suna da Hausa a Gwanja tun garinku yana ƙauyukan Gbagyi a bakin kogi. Kakanka ma a nan aka yanke masa cibiya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, a 1969 ce ta tayar da shi, ya bar babana, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, suka raba asaken zabirar mahaifinsu a tsakar gida suna kuka. Shi da ya isa Kaduna ya sami aiki a masaƙa, ya rataye tasa zabirar. Tamu ba a taɓa rataye ta ba.

To, ga abin da ka tambaya, wato yadda ake koyon aski da aska. Kada askarka ta taɓa fuska sai ta koyi hannunka a jikin ƙwarya. Haka aka yi mana: a kife ƙwarya, a shafe ta da kumfar sabulu, ka yi ta kwashe kumfar ba tare da ka bar zane ba. Babana kan ɗaga ta ya duba a rana, in ya ga ƙarzane ko ɗaya sai ya sake shafa kumfa, ba ya cewa uffan. Yaran yanzu da balan-balan suke gwadawa, wannan ma ba laifi.

Sai kaifi. Sabon shiga yana tsoron aska mai kaifi, alhali dakusasshiya ce ke yanka mutum, domin ita ce ke sa ka danna. Dutsen washi ba na kullum ba ne, kuma ba naka ba ne tukuna, kai wa tsohon wanzami ya wasa maka kana kallo. Naka shi ne fatar goga aska, wadda wanzamai ke tayar da kaifi a kanta. Kafin kowane aski ka ɗame ta sosai, ka kwantar da askar gaba ɗaya, ka ja ta bayanta na gaba, bakin na biye. In ka kai ƙarshe, ka juya ta a kan bayanta, ba a kan bakin ba. Wanda ya juya a kan baki ya yanke fatar, ya kuma kashe kaifin da ya zo tayarwa.

Fuska kuma sai ta jiƙu. Ka yi aski bayan wanka, ko ka ɗora tsumma mai ɗumi har gashin ya yi laushi. Mu sabulun salo muke kaɗawa, ga shi nan birjik a kasuwar Kejetia. A nan ka lura da bambancin garuruwanmu: mu damshi ke damunmu, askar da aka ajiye da lema takan kwana ta tashi da tsatsa, shi ya sa muke goge ta ƙaƙas mu shafa mata ɗan mai. Ku kuwa hunturu ne zai busar maka da kumfa kafin ka gama kunci ɗaya, don haka ka riƙa shafawa kaɗan-kaɗan, iya inda za ka aske yanzu.

Hannun da ba ya riƙe da aska shi ne babban ma'aikaci. Da shi za ka ja fatar ta miƙe, ka sa yatsun a bayan aska, ba a gabanta ba. Ka kusan kwantar da askar, tazarar bayanta da fatarka kada ta wuce kaurin bayan sau biyu, abin da masu lissafi ke kira digiri 30. Ja gajere-gajere, ka bi inda gashi ya kwanta. Abu ɗaya ne ba ta yafewa: ka zame ta gefe, ta bi tsawon bakinta. Makonnin farko ka tsaya a kunci kawai, daga saje zuwa muƙamuƙi, sauran ka ƙarasa da abin da ka saba. Haɓa da ƙasan hanci da maƙogwaro sai hannu ya zauna. Kuma kada zumuɗin sulɓi ya sa ka yi wa gashi gaba da gaba. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in an yanke shi ƙasa da fata sai ya lanƙwasa ya koma ciki, ƙurajen wuya da na ƙeya da kake gani a samari ke nan. In ka gama, ruwan sanyi, ka goga alimun, ka bi da man kaɗanya.

Batun aure kuwa, i, gwaggonka 'yar Asante ce, kuma ba ni kaɗai ba ne a Aboabo da Asawase. Abin da ba ku sani ba a can shi ne, su ta wajen uwa suke lissafin dangi da gado, mu ta wajen uba, sai 'ya'yana suka tashi kowane ɓangare na cewa nasa ne. Ban ga asara a nan ba. Ranar sunan kowannensu wanzami ya zo da sassafe ya aske gashin haihuwa, ya karɓi kasonsa na naman rago, dangin uwar suna zaune da zannuwansu suna kallo. A da can Asante ba sa kaciya, wanda aka yi wa ma ba ya hawa kujerar sarauta. Wanzaman zango ne suka yi ta shiga gidajensu har abin ya zama ruwan dare. Wa ya rinjayi wa ke nan?

Na san inda ake yi mana dariya. Autana kan ce "Mama ya tafi kasuwa", in ya yi waya da ku sai a sa shi ya maimaita. Abin na yi masa ciwo, har ya fara gudun karɓar waya. Ni kuma da na zo bikin yayarka na zauna da samarin layinku, rabin zancensu Turanci ne, ban ce kowa ya maimaita ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Kuma a zuwan nan na nemi mai yi mini ƙwal-kwabo da aska a unguwar, sai da aka yi ta tambaya kafin a nuna mini wani dattijo a gindin bishiya, alhali shagunan kilifa da janareta sun cika titi.

Wani abu guda ne na yarda zamani ya fi iyayenmu gaskiya a kansa. Su aska ɗaya suke bi da kan mutum goma, a goge a tsumma a ci gaba. Yanzu an san cutar hanta nau'in B na iya yin mako guda da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, ga kuma ƙanjamau. Askar gado ta fuskarka ce kai kaɗai, ko ƙaninka kada ka ara masa. In har za ka taɓa kan wani, ka sayi irin wadda ake sa wa rabin reza, ka ɓare sabuwa a gabansa, ka jefar in ka gama. Wanzamanmu na nan da yawa sun koma haka, wasu ma ma'aikatan lafiya sun horar da su a kan kaciya.

Ka tambayi babanka inda zabirar kakanka take, ina zaton tana cikin akwatin ƙarfen tsohuwa. In tsatsa ba ta ci bakin asaken ba, za su tashi. Ka ɗauko hotonsu ciki da baya ka turo mini ta WhatsApp kafin ka kai wa kowa, kada wani ya ɗora su a injin wasa wuƙa na kasuwa ya ƙone musu baki. Ka gaida mutanen gida.