Filin Tambayi Yaya: Ƙofar fistan ta ƙi aiki a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a lise a nan Garwa, unguwar Yelwa. Wannan hutun ni da ƙanena muna gina gida a wasan Minecraft a wayar yayarmu. Na kalli bidiyon wata ƙofar ɓoye mai fistan huɗu a YouTube, na bi shi daki-daki har megata ta ƙare. Da na kunna, na sama biyu suka tura bulo, na ƙasa biyu ko motsi. Da na kashe kuma bulon ya tsaya a tsakiyar hanya bai koma ba. Wasan waya ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wayar yayarku lafiyarta lau, hannunka ma haka. Matsala biyu ce ta haɗe maka a ƙofa ɗaya.

Ta farko mai sauƙi ce. Fistan iri biyu ne a wasan tun shigowarsa a 2011. Wanda ka ƙera, wato katako uku a layin sama na teburin ƙira, farfasasshen dutse huɗu a gefe da gefe, curin ƙarfe ɗaya a tsakiya, garin redston (jan garin da ke ɗaukar wuta kamar wayar lantarki a wasan) ɗaya a ƙarƙashinsa, aikinsa turawa ne kawai. Ya tura bulo, ya janye kansa, ya bar bulon inda ya kai shi. Ƙofa kuwa sai mai danƙo, wanda in zai koma yake jawo bulon da ke manne da goshinsa. Ka ɗora curin yauƙi ɗaya a saman fistan ɗinka a tebur, shi ke nan. Samun yauƙin ne aiki. Ka nemi fadama da dare, za ka ga wasu korayen halittu masu kusurwa huɗu suna tsalle. In ka sari babba sai ya rabu ƙanana, ƙananan ne ke zubar da curin. Sun fi fitowa daren da wata ya cika, daren da babu wata kuma kada ka ɓata lokacinka. Huɗu kake bukata, amma tunda ka je ka ɗebo da yawa.

Ta biyun ce ta fi damuna, don ita ke sa yara da yawa su jefar da redston su ce ba su da kai. Minecraft biyu ne. Akwai Java na kwamfuta, akwai Bedrock wanda ke cikin wayoyinmu. Yawancin masu bidiyon nan Java suke bugawa, kuma ba sa faɗin haka. A Java fistan yana da wata ɗabi'a: wutar da ta isa gurbin da ke samansa tana iya tayar da shi ko ba ta taɓa shi ba. Don haka mai bidiyo zai ba fistan na sama wuta, na ƙasa ya biyo shi. A Bedrock babu wannan. Kowane fistan sai wuta ta same shi da kansa, ko ta bulon da ke jingine da shi.

Ga yadda nake yi wa yaran gidanmu. Ka jera fistan biyu, ɗaya kan ɗaya, a kowane gefe, suna kallon juna, gurbi huɗu a tsakaninsu. Ka lura, fistan kai yake fuskanta lokacin da kake dasa shi, don haka ka tsaya a cikin hanyar ka dasa. Ka manna bulon ƙofa a gaban kowanne, gurbi biyu na tsakiya su ne hanyar wucewa. Yanzu ka zagaya baya. Ka sa bulon dutse ɗaya a bayan fistan na ƙasa, ka zuba garin redston a kansa. Garin nan yana daidai bayan fistan na sama, zai ba shi wuta kai tsaye, dutsen da yake kai kuma zai miƙa wa na ƙasa. Ka yi haka a ɗaya gefen, ka ja layukan biyu zuwa makunni ɗaya. In makunni yana kunne ƙofa a rufe take, in ka kashe ta buɗe.

Kada ka manta da tsawon layi. Wutar redston kamar ruwan lambu take a rani, tana tafiya tana raguwa, bayan bulo 15 ta ƙafe. In gefe ɗaya ya yi aiki ɗaya ya ƙi, ka ƙirga. In ya wuce 15 ka sa mai maimaita wuta a hanya, dutse uku da tocilan redston biyu da gari ɗaya ake ƙera shi. Kuma fistan ba ya tura abin da ya wuce bulo 12, ba ya motsa baƙin dutsen nan obsidiyan ko kusa, don haka kada ƙwarin obsidiyan ya ruɗe ka ka yi ƙofa da shi.

Shawarata, kafin ka sake ƙona mega a bidiyo, ka buɗe sabuwar duniya ta ƙirƙira inda kaya kyauta ne, ka dasa fistan ɗaya da makunni, ka yi ta sauya masa wuri kana kallon inda yake amsawa da inda yake ƙi. Wanda ya yi wannan zai iya gyara kowane gini da ya kwaso daga Java. In kuma za ka nemi bidiyo, ka rubuta Bedrock a cikin neman. Ka bar ƙanenka ya zuba garin da hannunsa, kada ka mayar da shi ɗan kallo.

Tambaya: Yaya, ina gaisuwa daga Injamena. Ina da gonar rake a wasan, ina yin takarda ina sayar wa mutanen ƙauye, amma yankan ya ishe ni. An ce fistan yana iya yi mini. Ta yaya? Ƙanwarka.

Amsa: Ƙanwata, naki ba ya bukatar yauƙi, fistan na turawa ya wadatar. Rake yana tsawon bulo uku, kuma in aka karya gaɓa ta biyu ta uku ma ta faɗo, gindin ya ci gaba da tofo. Saboda haka ki dasa fistan a bayan kowane rake daidai tsayin gaɓa ta biyu, kada ya taɓa gindi. Ki jera su, ki sa layin dutse a bayansu da gari a kai, ki haɗa da maɓalli ɗaya. Kin danna, gonar ta zube gaba ɗaya. Ruwan da ke gefen raken ki mayar da shi mai gudu, ya kwashi abin da ya faɗa ciki zuwa mazurari mai zuba wa akwati. Ki kewaye gaban da gilashi don kada rake ya watse.

In kina so ta yanke kanta ba tare da ke ba, sai bulon sa-ido a saman fistan, fuskarsa tana kallon gurbin gaɓa ta uku. Rake na isa wurin ya aika wuta ta bayansa, garin ya kai wa fistan. Sai dai ƙera shi yana bukatar farin dutsen kwaz daga Nether, wato duniyar wuta ta wasan, in ba ki shirya shiga can ba ki zauna da maɓallinki tukuna. Ki kuma gina gonar kusa da inda kike yawan zama, don a waya rake ba ya girma in kin yi nisa da shi.